Hon Biyu a Bakin Tasha

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ofis, wanda na san shi ne babban ɗanka.

Mun iso, mun kuma sami masauki, amma kada ka yi saurin murna. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu sayar da taya. Banɗaki na kowa da kowa ne a ƙarshen baranda, fanka kuma tana juyawa kamar roƙonta aka yi. Sai dai yana da arha, kuma bas ɗin da ke zuwa asibiti a ƙofar gidan take tsayawa.

Ni da digirina biyu, kwana uku na yi ina duba waya ina kwatanta masaukai. Baba yana saukowa daga mota ya ɗaga sanda, ya nuna wata taga da ke kallon tasha, ya ce, "Can." Magana ta ƙare. Matar da ke ba da hayar ɗakunan, wadda na raɗa wa suna Mai Makulli, ta dube shi ta dubi bene ta ce, "Baba, matakala ashirin da biyu ce fa." Ya ce, "'Yata, na hau dutse da motar da ba ta da birki."

Likita ya ce ciwon dajin ya yi nisa, za a gwada gashi da na'ura na mako uku. Da na ce bayan nan fa, sai ya shiga gyara takardun teburinsa. Ka san ma'anar wannan, kai ma haka kake yi.

Za ka yi mamakin wasiƙa a wannan zamani. Baba ne ya hana ni kiranka. Wai waya iska ce, mutum yana iya cewa bai ji ba, takarda kuwa sai ya miƙa hannu ya karɓa. Shekara talatin ya yi yana tuƙi da wasiƙun mutane a aljihun mota, ba yanzu zan canza shi ba. Dogo ne zai kawo maka, direban da Baba ya koya wa tuƙi. Da asuba yake tashi zuwa garinku, ƙarfe huɗu na yamma ya dawo tashar nan.

Baba bai ce ka zo ba. Ni ce nake cewa.

Ka gaida mutan gidan.
Ƙanwarka, Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na sami takardarki, na kuma fahimci abin da ke ciki.

Gaskiya ban ji daɗin wurin da kuka sauka ba. Mara lafiya hutu yake buƙata, ba hayaƙi da ihun 'yan kamasho ba. Na sa an bincika mini wani masauki a bayan asibitin, mai na'urar sanyaya ɗaki, a hawan ƙasa. Adireshin yana bayan takardar nan. Ku koma can, ni zan ji da sauran.

Batun zuwana kuwa, muna da baƙi daga hedikwata har ƙarshen wata. Da zarar sun tafi zan taho. Ki gaishe da Baba, ki ce ya riƙa bin umarnin likita.

Wassalam.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya baƙi? Allah ya sa suna cin abinci sosai.

Na je na ga masaukin naka. Tsaf yake, ga shiru, har mutum ya ji motsin hanjinsa. Tagar tana kallon katanga mai farin fenti. Na dawo na kwatanta wa Baba, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Auta, wurin shiru ai ina da shi a ajiye. Ba na gaggawa."

Da farko na ɗauka kewar ƙarar inji ce. Yana kwance ido a rufe yana gyara motocin mutane da kunne: "Wannan giyarta ta kusa mutuwa. Wancan kuwa ko wa ya ba shi lasisi, Allah ya isa." Mai Makulli takan leƙo don ta sha dariya. Amma na lura da zarar ƙarfe uku da rabi ta yi, sai ya ce in jingina shi da taga, in sa masa hularsa ta fita.

Shekaranjiya na tare Dogo na tambaye shi. Ashe tun zamanin su Baba direbobin hanyar nan suna da alama idan za su shiga tasha. Hon ɗaya, na kawo maka saƙo. Hon biyu, na kawo maka mutum. Ranar da takardarka ta zo, Dogo ya danna ɗaya. Baba ya karkata kunne yana jiran na biyun har aka kashe motar. Sannan ya cire hular, ya ɗora a gwiwa, ya ce in karanta masa. Na karanta, har da umarnin likita.

To ka ji dalilin arhar da muka nema. Ni ina auna nisan asibiti, shi yana auna nisan garinku.

An dakatar da gashin. Matakala ashirin da biyun ta fi ƙarfinsa, ko da ni da mai taya mun tallafe shi. Baƙinka za su dawo baɗi, Yaya.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarki sau uku. Ki yi haƙuri da ni. Ban iya ganin Baba a kwance ba, gaskiyar ke nan, baƙin ma fakewa nake yi da su. Juma'a mai zuwa, in Allah ya yarda. Ki faɗa masa.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ka riga ka ji ta waya, wannan karon ban nemi izinin kowa ba kafin in kira. Abin da ban faɗa maka ba shi ne nawa laifin.

Na faɗa masa Juma'a. Ranar har aski ya sa aka yi masa. Ƙarfe huɗu Dogo ya shigo shiru, ba ɗaya ba biyu. Baba ya ce wataƙila aiki ne.

Asabar da asuba na sauka na sami Dogo yana duba mai. Na ce yau in ka dawo ka danna biyu. Ya ce, "Malama, ni in yi wa Maigida ƙarya? Shi ya ɗora hannuna a sitiyari." Na ce ai ka ji numfashinsa jiya. Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa, sannan ya shiga mota. Ban ko yi tunanin abin da zan ce wa Baba ba idan aka danna, aka jira, ba wanda ya hawo benen. Digiri biyu ke nan.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci motar ta karyo kwana. Hon. Sai shiru. Sai hon.

Baba bai buɗe ido ba. Ya yi murmushi ya ce, "Dogo bai iya ƙarya ba. Kin ji yadda hannunsa ya tsaya a tsakani?" Ya ce, "Ke kika sa shi." Na ce ni ce. Ya lalubo hannuna ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Bar mini hular a kai, wataƙila yana motar gobe."

Lahadi da azahar ya cika. Saura awa biyu motar ta iso, ina duba agogo ina jin haushin kaina. Hular tana kansa. Direbobin tashar ne suka sauko da shi, a hankali, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.
Auta

*

Yaya,

Salam. Dogo ya ce ka kama kujera a motar Laraba. Kada ka wahalar da kanka neman masauki, ɗakin namu ne har ƙarshen wata. Makulli yana wurin mai shi, hular tana kan taga. Ni na koma bakin aiki.

Dogo ya tambaye ni sau nawa zai danna. Na ce ya tambaye ka.

Allah ya kawo ka lafiya.
Auta