Ƙarfen da ke Ƙafar Idalia

Léogâne, Mayu 2010

Zuwa ga 'yata Rosemène,

Ina gaishe ki gaisuwar kawun da ya daɗe bai sa 'yar ƙanwarsa a ido ba, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Wilner da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikinki na asibiti, Ya raya muku zuriya. Mu nan muna yadda girgizar ƙasa ta bar mu. Damina ta sauka, filin ƙwallon da aka kafa tantuna ya zama caɓi, sauro ya samu abin da yake nema. Ni gwiwa ce ke damuna, sai tarin da na saba da shi. Gwaggonki Mérilia ta koma ƙauye, ta ce gara ta kwana cikin gonar rake da ta sake shiga ƙarƙashin siminti. Makarantar da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa tana kwance a ƙasa har yau, awaki ke hawa kanta.

Wata nas 'yar garinku Montréal da ta gama wa'adinta na ba takardar nan ta kawo miki hannu da hannu. Ban kira ki ta waya ba don babu sirri a tanti, kuma da mahaifiyarki ta ji sunanki sai ta miƙo hannu ta karɓe wayar, ta ce miki komai lafiya lau, ƙafa ta kusa warkewa, ta shiga tambayar karatun yara. Ba lafiya ba ne, Rosemène. Ki nemi wuri ki zauna.

Kin san ina yi wa likitocin sa-kai tafinta. Inda karatun Latin da Faransanci ya kai ni ke nan: tambayar tsofaffi ko sun yi bayan gida yau. Ba zan ce miki mutanen banza ba ne. Na ga wanda ya yi aiki har gari ya waye, na ga wadda ta ba marar lafiya abincinta ta wuni da ruwa. Sai dai ayari ne. Wannan ya zo ya yi kwanakinsa ya tafi, wani ya sauka, ya yi tambayoyin da na jiya suka yi, ya yi mamakin raunin da na jiya suka yi mamaki, ranar tafiya a ɗauki hoto a yi kuka a bakin mota. Mu ne kawai ba a canzawa.

Cikin ayarin farko akwai wani Likita Thibodeau, mutumin ƙasarku. Lokacin da aka zaro mahaifiyarki Idalia daga ƙarƙashin bangon kicin, ƙashin ƙaurinta a farfashe, sauran sun ce a yanke. A kwanakin nan yankewa ake yi kamar girbi. Shi ya ƙi. Ya huda ƙashin ya sa ƙusoshi, ya ɗaure su da sandar ƙarfe ta waje, ƙafa ta tsira. Ranar da zai tafi ya durƙusa a gefen gadonta, ya riƙe hannunta, hawaye na zuba, ya ce zai dawo ya cire ƙarfen nan da hannunsa. Ni na juya mata maganar, ban ƙara ba ban rage ba.

Yanzu ƙashi ya haɗe, amma ramukan ƙusoshin sun fara zubar da mugunya, akwai wari, zazzaɓi na zuwa yana komawa. Likitar ƙashin da ke nan yanzu, wata 'yar ƙasar Sifen mai suna Pilar, ta ce dole ƙarfen ya fita kafin ayarinsu ya tashi a ƙarshen wata. Waɗanda za su biyo bayansu likitocin yara ne da na haihuwa, babu mai taɓa ƙashi. In aka bari ruɓa ta shiga ciki, ƙafar da aka ceto a watan Janairu ita za a yanke a watan Yuni. Ke nas ce, kin fi ni sanin ba tsoratarwa take yi ba.

Mahaifiyarki ta ƙi. Da ta hango Likita Pilar sai ta ja zane ta rufe ƙafar. Ta ce wanda ya sa shi ne zai cire. Ta ce mutum babba ya sa gwiwa a ƙasa ya yi mata alkawari da hawaye, in ya ƙetaro teku ya tarar ta ba wani, da wane ido za ta dube shi? Har zakara ta sa aka kawo mata daga ƙauye, yana ɗaure a turken tanti, wai shi za a yanka wa likitan ranar da ya iso. Maƙwabciyar gadonta, Madan Exumé, wadda ta rasa hannu ɗaya amma bakinta na nan daram, kullum sai ta ce zakaran nan tsufa ne zai kashe shi, gara a soya shi tun yana da nama. Idalia ta ce mata baƙin ciki ne ke cin ta, don nata likitan ko sunansa bai bar mata ba. Su yi ta yi har a kawo shinkafa da wake.

Na yi mata magana a tsanake, na yi da faɗa. Na ce mutumin ya koma bakin aikinsa, yana da mata da 'ya'ya. Likita Pilar ta aika wa ƙungiyarsa saƙo, shiru. Ban ce maƙaryaci ba ne. Ranar da ya faɗa da gaske yake, abin da ya sa ta yarda ke nan. Kin san amsar da ta ba ni? Ta ce, Yaya, kai fa tun muna yara ko an ce maka gobe Lahadi sai ka ce sai ka gani. Ta ce na ce gwamnati ba za ta zo ba, na ce titi ba zai zo ba, na ce wuta ba za ta zo ba, yanzu kuma likitanta na sa a gaba. Gaskiyarta. Na daɗe ina cewa babu mai zuwa, har maganar ta zama kamar tarina, an saba jin ta. Yau da ƙafar ƙanwata ke rataye a kan maganar, babu mai juyowa ya saurare ni.

Jiya ina riƙe da tasa ana wanke mata raunin, warin ya buge ni, raina ya ɓaci. Na ce mata ta daina wauta, duk wanda ya hau jirgin nan ya ce zai dawo, ba ya dawowa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, to Rosemène fa, ita ma ai haka ta ce. Sai ta juya fuskarta ga tamfol.

Kin ga inda maganar take. Ba likitan kaɗai take jira ba. In ta yarda shi ba zai zo ba, ta yarda ke ma ba za ki zo ba ke nan, kuma ta fi son ta rasa ƙafa da ta yarda.

Ba zargin ki nake yi ba, 'yata. Na san aiki, na san takardun zama, na san yara ƙanana. Kin aiko da kaya, sun iso, mun gode. Amma wannan ba matsalar da kwalin kaya zai magance ba ce. Ki zo kafin ƙarshen wata, ko na 'yan kwanaki ne, ki tsaya a kanta ki riƙe hannunta Likita Pilar ta yi aikinta. In ta ga mutum ɗaya ya dawo, ina jin za ta yafe wa ɗayan. In kuwa ba zai yiwu ba, ki kira wayata da safe, zan kai mata. Sai dai kada ki ce mata kina nan tafe in abubuwa sun daidaita. Ki gaya mata a fili ba za ki zo ba, likitan ma ba zai zo ba. Za ta yi kuka, na sani, ni zan zauna da ita. Gara ta yi kukan da ƙafa biyu.

Ki gaida Wilner, ki ce ina yi masa sannu da ɗawainiya. Ki shafa mini kan Kettly da Jean-Ronel. Ki gaida surukarki Madan Osias, da ɗan'uwanki Frantzy in yana leƙo ku. Mahaifiyarki ba ta san na rubuto ba, da ta sani da ta aiko da gaisuwa mai yawa ta ce komai lafiya. Allah Ya ba ki ikon abin da ya fi.

Kawunki da ke sauraron amsa,
Clairmond Vilsaint