Yunwar La'asar a Gidan Mahauci

Litinin, 6 ga Oktoba

An sallamo Baba daga asibiti. Ya shigo gida da ƙafarsa, ya ƙi a riƙe shi, ya zagi dokin ƙofa don ya kusa kayar da shi. Ke nan ya fara warkewa.

Zuciya ce. Likitar ta yi bayani a gabanmu, ni da shi: a bar kitse, a bar kayan ciki, a bar madarar shanu mai maiƙo, a rage gishiri. Ganye, wake, hatsi. Ta ce idan ya koma cin da ya saba, bugu na gaba ba lallai a kawo shi da rai ba. Tana cikin rubutu ta ƙara da cewa 'yar tsoka marar kitse, kamar tafin hannu, sau ɗaya ko biyu a mako, babu laifi. Baba yana fama da maɓallin riga, bai ji ba. A mota ya tambaye ni abin da ta ce a ƙarshe. Na ce ta ce a kiyaye.

Ai ba ƙarya na yi ba. Mutumin da ya tsufa yana fawa za ka ce wa tafin hannu? Zai nemo mai hannu kamar faranti ya auna da shi.

Shekara biyu ke nan da na bar nama, sai ƙwai da ɗan kifi jefi-jefi, ana kirana Zomo a gidan nan da kasuwa baki ɗaya. Yau ga mahauci an rubuta masa abincin zomo. Ban yi dariya ba. A bayi na yi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tun rasuwar Umma mu biyu ne a gida, don haka girki nawa ne. Na bar masa irin abin da nake ci da rana: farar shinkafa, kabeji, karas, burodi, da kofin madarar shinkafa ta kwali. Ya ɗaga kofin ya duba ta hasken taga, ya ce wannan ruwan wankin shinkafa ne aka ɗura a kwali aka yi masa hoto. Na ce ya sha ko ya bari. Ya sha.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ci mutuncin wani ɗalibi a shagon da nake aiki. Ya kawo takardu a yi masa fotokwafi, ya jera su a hargitse, na tambaye shi ko a makarantar tasu ba a koyar da ƙirge. Maigidan shago ya kalle ni, ya kalli agogon bango, ya yi tsaki.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: kullum da la'asar sai yunwa ta kama ni kamar ta yi mini rantsuwa. Kai na sarawa, ƙarar injin ɗinkin littafi kamar a cikin haƙorana ake bugawa. Shekara biyu haka. Nakan ce horon kai ne. In na faɗa a gida an samu abin yi mini waƙa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yaya ta zo daga gidanta da lemu. Ta ga Baba yana tafiya yana riƙe da wando, ta ja ni kicin ta tambaye ni me nake ba shi. Na karanto mata. Ta ce ko akuyar gidan maƙwabta ana ƙara mata dusa. Na ce ta tafi ta karanta littafi ko guda ɗaya a rayuwarta kafin ta koya mini. Ta ce ita ta goya ni, kuma ko a lokacin ma, da baki na fara tafiya, ba da ƙafa ba.

Bayan ta tafi Baba ya kira ni. Ba faɗa, shi ya fi ba ni tsoro.

"Auta, safe zan iya. Dare zan iya. La'asar ce ba na iyawa. In ba ka nemo mata magani ba, ni na san inda maganinta yake."

Na san inda yake nufi. Bayan rumfunan mahauta, inda suke gasa guntattakin da suka rage in an tashi kasuwa. Kitse zalla.

Na ce masa jiki ne ke sabawa, nan da mako ɗaya zai daina ji. Ni da nawa jikin bai saba ba a shekara biyu.

Talata, 14 ga Oktoba

Wata ɗaliba mai karatun abinci da lafiya ta kawo babban littafi a kwafe mata babi uku. Duk ilimina a wannan injin na same shi, shafi na wucewa ina karantawa, tun da makaranta ta ƙare mini a aji ukun sakandare. Na riƙe mata littafin har yamma, na ce mata injin ne ya yi zafi.

Ashe madarar shinkafa kusan babu abin gina jiki a cikinta. Ruwa ne da zaƙi. Ta kwakwa maiƙo ne, wanda ma ba a so wa Baba. Ta waken soya ce kaɗai ke kusa da ta shanu. Kuma farar shinkafa da burodi sukan ɗaga mutum sama su sake shi ya faɗo bayan 'yan sa'o'i. Abin da ke riƙe ciki shi ne wake, ƙwai, gyaɗa, hatsin da ba a cire masa dusa ba. Dusa. Yaya ba za ta taɓa jin wannan daga bakina ba.

Na dawo gida na tsaya ina kallon kwalin nan mai hoton gona da rana na fitowa. Ni da nake yi wa mutane wa'azi, ruwa nake sha.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na jiƙa waken soya, na markaɗa, na tace da tsohon ɗankwalin Umma. Littafin ya ce a tafasa sosai. Na ga ya yi kumfa na sauke, don na makara.

Ni da Baba muka sha kofi ɗai-ɗai, muka wuni muna layin bayi ɗaya. Ta bayan ƙofa yake ce mini wannan ne karo na farko da abincina ya sa masa ƙarfin gudu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ya ce kada ya sake ganin farin abu a kofi.

Talata, 21 ga Oktoba

An ɗauke wuta, maigida ya sallame mu da wuri. Ban ci komai ba tun burodin safe, don na zuba ragowar madarar kwali a rariya saboda haushi. Na iso gida, babu Baba, abincinsa na rufe yadda na bar shi.

Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta kai ni. Rabona da layin mahauta tun ranar da na ajiye wuƙa na ce ba zan gaji wannan sana'a ba. Komai na nan: ƙudaje, ƙugiyoyi, katakon sara da ya lotsa a tsakiya. A bayan rumfa suna zaune a benci, wuta na ci a rabin ganga. Ga Baba a tsakiyarsu kusa da amininsa, wanda ake kira Ƙashi-da-Rai don ya fi kowa ƙiba a kasuwar. A hannun Baba akwai yanka ɗaya, maiƙo na bin yatsunsa.

Abin da na faɗa. Bari in rubuta, ko na ji yadda yake. Na ce in mutuwa yake so ya faɗa mini in daina ɓata iskar gas. Na ce tsofaffin banza sun taru suna taya shi haƙa kabari da haƙori. Na ce ni na kwana a benci a asibiti, ba su ba. A gaban yaran da ya koya wa riƙe wuƙa na faɗi haka.

Baba ya ajiye naman a kan takarda, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya bi ta gefena ya wuce kamar turke ne ni.

Ƙashi-da-Rai ya ce, a hankali, tun da Baba ya zo yake riƙe da naman yana juyawa, hira ya zo ji. Ya ce, "Zomo, mu wuƙa muke riƙewa, amma baki shi ke yanka wuya."

Ban sani ba ko ya ci kafin in zo. Ba zan taɓa sani ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Bai taɓa abincin ba. Shayi baƙi kawai.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na dafa wake da alayyafo, na dafa ƙwai, na ajiye gyaɗa a ɗan faranti kusa da rediyonsa. Na dawo na tarar da tururuwa sun fi shi nuna godiya. In na gaishe shi yakan amsa, amma bango yake amsa wa. Ya daina cewa Auta. Ya daina cewa Zomo ma.

Yana shan ƙwayoyin zuciya a kan cikin da babu komai. Na kasa zama, na kasa karatu. Shafi ɗaya na maimaita har na haddace lambar shafin.

Asabar, 25 ga Oktoba

Jiri ya kwashe shi a tsakar gida ina wurin aiki. Maƙwabciya ta kira Yaya, Yaya ta kai shi asibiti. Bai ji ciwo ba sai gwiwa da ta ɗan goge.

Likitar ta ɗora shi a sikeli ta ce wannan rama ta yi yawa, ta tambaya ina ɗan naman da ta ce a riƙa ba shi. Baba ya ce wane nama.

Yaya ba ta ɗaga murya ba a waya, ita da ake jin muryarta daga bakin titi. Ta ce likita ta ce yunwa ma tana iya kai shi inda kitse zai kai shi. Na fara cewa ai na san halinsa ne, in aka ba shi tafin hannu zai kama har kafaɗa. Ta katse ni.

"Kai ba Baba kake jinya ba. Gardamarka kake jinya."

Na tsaya da waya a kunne har ta kashe.

Litinin, 27 ga Oktoba

Abin da Yaya ta aiko kaɗai yake ci, shi ma kaɗan, don hanya na da nisa kuma yakan huce kafin ya iso. Bai yi mini maganar likita ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Na sake yin madarar soya, wannan karon na tsaya a kanta ina juyawa har ƙarnin ɗanyen wake ya fita. Na gwada a kaina tukuna. Da rana wake da ƙwai, shinkafa kaɗan. Kafin la'asar, tun yunwar ba ta ƙwanƙwasa ba, kofi ɗaya na madarar da ayaba da gyaɗa cikin hannu. Dabarar ke nan, a riga ta isowa.

Ɗalibin nan ya dawo da takardunsa a hargitse kamar wancan karon. Na jera masa. Maigida ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

To in haka ne, wa ke ta faɗa da mutane shekara biyu, ni ko cikina? Ranar Talatar can fa? A'a. Wannan ba zan ɗora wa ciki ba. Yunwa ta buɗe ƙofa ne kawai, maganganun nawa ne, sun daɗe a ajiye.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na roƙi maigida ya riƙa ba ni hutuna da la'asar maimakon azahar. Na zo gida a guje, na sami Baba a kujerar roba yana kallon ƙofa, a daidai lokacin da a da yake bayan rumfa. Na durƙusa. Na shirya jawabi tun a hanya, mai kyau, har da misalai. Abin da ya fito shi ne: "Baba, na ji abin da likita ta ce kan naman, na ɓoye. Kuma abin da na yi a kasuwa, ka yafe mini."

Ya daɗe yana murɗa rediyo. Sannan ya ce ba shi kaɗai na zaga ba. Na ce na sani.

Na zauna a ƙasa na fito da ayaba da gyaɗa, na buɗe gorar madarata. Ya leƙo ya tambaya ko wannan ce mai sa gudu. Na ce an gyara ta. Ya ce in sha ya gani. Na sha. Ya jira, yana kallona kamar mai jiran bam ya tashi, sannan ya miƙo kofinsa. Ya ci gyaɗar, ya ci rabin ayaba. Ya ce da ɗan dama-dama, amma har yanzu saniya ba ta da abokin gasa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Da safe ya ce yau ranar tafin hannu ce, kuma ni zan sayo. Wurin Ƙashi-da-Rai, ba wani wuri ba.

Na je. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na ba su haƙuri, suka sa na maimaita wai hayaniya ta hana su ji. Wani ya tambaya ko zomaye sun fara cin nama ne, a sanar da su su ƙara yanka. Na haɗiye. Na ci wake kafin in fito.

Ƙashi-da-Rai ya jawo ƙirji zai yanko. Na ce a'a, cinya, ta ciki, inda babu farin zare. Ya dube ni ta ƙasan ido, ya juyo da ƙotar wuƙar wajena. Na karɓa don kawai kada ya cuce mu da kitse.

Na dafa da albasa da tumatir, gishiri kaɗan, na zuba a gefen wake. Ban ɗanɗana ba, kuma ba zan ɗanɗana ba, wannan maganar tana nan. Baba ya cinye tas, karo na farko tun da aka sallamo shi. Kafin ya ci yankan ƙarshe ya ɗaga shi ya juya, ya tambaya wa ya yanka. Na ce ni. Ya ce hannun bai mutu ba, amma da na zo gida na ƙara rarrabawa na dagargaza shi, wuƙar kicin ɗinmu ko ayaba ba ta yankawa. Da la'asar shi ya tuna mini da madarar.

Gobe zan wasa wuƙar. Saboda kabeji ne.