Sabon inji ya ƙi shiga motar Baba

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Yau sati uku ke nan sabon inji na rataye a sarƙa a garejin bakanike, ya ƙi shiga motar mahaifina.

Baba mai walda ne. Motar nan ba kamfani ne ya ƙera ta ba, shi ya haɗa ta da hannunsa, tun daga firam har ƙofofi, ya ɗora mata wani tsohon inji. A cikinta muka tashi. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya bar sana'a, injin motar kuma ya buga. Kullum sai ya sa a fito masa da kujera ya zauna yana kallon ta. Abin ya riƙa ci mini rai. Na yi niyyar in sa mata injin zamani, in zo in ɗauke shi a ciki ba zato. Sai na ce masa fenti za a yi mata, aka ja ta zuwa gareji.

Ga inda na kwafsa. Baba ba ya awo da tef, da takin hannunsa yake aunawa, ya rubuta a wani littafi. Na duba, na ga gurbin inji taki huɗu ne da yatsa uku. Na je wurin mai sayar da inji na auna da hannuna, na ga har da rara, na saya. Ko kaɗan ban tuna cewa ni dogo ne mai zara-zaran yatsu ba, Baba kuwa gajere ne, tafinsa ɗan dunƙule. Na san za ka tambaye ni me ya hana in sa tef a jikin motar ita kanta. Matata ta riga ka, ta tambaya ya fi sau goma.

Yanzu injin ya fi gurbin tsawo. Bakanike ya ce sai an yanke ƙarfen gaba na firam, a matsar da lagireto, a huda bonet. Mai aikin waya ya ce injin yana da kwamfuta, yana neman wayoyin da motar nan ba ta taɓa jin labarinsu ba. Mai inji ya ce abin da ya fita shagonsa ya fita. Tsohon injin kuwa an wargaza shi, yana cikin bokitai. Yayana ya rantse in aka sa wutar yankan ƙarfe a firam ɗin nan, ni da shi sai dai gaisuwa. Shi da ko sifana bai taɓa riƙewa ba!

Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum na shiga gaishe da Baba sai ya tambaye ni ko fentin bai bushe ba. Na gaji da ƙarya, na gaji da gareji. In sa a yanke kawai a wuce wurin, ko yaya zan yi?

Ɗan mai walda

*

Ɗan'uwa, niyyarka kyakkyawa ce, kuma kuskuren awon nan bai kai ka hana kanka sakat ba. Amma ka tsayar da bakanike tukuna.

Yayanka yana da gaskiya, ko da bai san dalili ba. Ƙarfen gaba shi ke riƙe da nauyi, kuma a motar da ba ta da zanen kamfani, ba wanda ya san abin da zai saki idan aka yanke shi. Bakaniken ma ba mugunta yake yi ba, ana yanka firam a ƙarfafa shi ya zauna lafiya. Kafin a kai nan, a auna da tef. A duba ko za a iya ja da injin baya a yi masa sababbin ƙafafun da zai zauna a kai, ko a sa siririyar fanka ta lantarki. Ka tuna inji mai ƙarfi yana son birki mai ƙarfi, kuma sai an gyara lambar inji a takardun mota. In duk ya gagara, ka sayar ka nemi ƙarami.

To amma duk wannan da sauƙi. Kana ta yawo tsakanin bakanike da mai waya, alhali wanda ya san kowace walda a motar nan yana zaune a gidanku ba aikin yi. Hannunsa ne ya shanye, kansa lafiya lau. Kuma kana tsammanin mutumin da ya tsufa a cikin ƙarafa bai san kwana nawa fenti ke yi ya bushe ba? Ya sani sarai, jira yake ka gaya masa.

Gobe ka durƙusa ka faɗa masa komai. Zai yi faɗa, wataƙila ya kira ka sakarai, ka haɗiye. Sannan ku ɗauke shi da kujerarsa ku kai shi gareji, ya nuna inda za a taɓa da inda ba za a taɓa ba. In ya ce a yanke, yayanka ba shi da ta cewa.

Kada ka ce sai ka gama shiri. Injin zai iya yin wata guda a sarƙa ba abin da zai same shi, amma Baba ba shi da lafiya, kuma ba mu san kwana nawa suka rage muku tare ba. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya sa ya ji tashin motarsa da kunnensa.