Baƙo a Gidan Ubansa

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan, ina sanar da ke cewa aiki ya zo ƙarshe. Wata goma sha ɗaya cur! Gari talatin da bakwai na zaga, kuma ban bar sikeli ko ɗaya yana ƙarya ba, tun daga wanda ke auna babbar mota da kayanta har zuwa na kantin magani mai auna abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Manaja da bakinsa ya ce kamfani ba shi da hannu irin nawa. Zan iso ranar Asabar da la'asar in Allah ya yarda.

Ke da kike zaune a gida ba za ki san azabar zaman masauki ba. Katifar da mutum dubu suka kwana a kai, shayi kamar ruwan ɗauraye kofi, ga ma'aikata da murmushin haya, suna ce maka ranka ya daɗe alhali ko fuskarka ba su kalla ba. Na gaji da su. Abin da nake mafarki kawai shi ne kujerata ta bakin taga, da kofina mai shuɗin baki, da shiru. Don haka a goge kujerar. Ki ja wa 'yan matan nan kunne, ban da hayaniya har kwana uku. Masu zuwa sannu da zuwa su dakata sai na warware gajiya.

A gaishe da Baba. Na san yana nan da ƙarfinsa, ai tsohon ƙarfe ne.

Ki huta lafiya.
Mijinki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa. Ya ƙafar taki, ya yaran? Mu nan sai godiya. Yau Baba ya ci abinci da hannun hagu bai zubar ba, har da yi mini gori.

Albishirinki, ƙaninki zai dawo. Wasiƙa biyu na samu rana ɗaya. Ta farko tasa ce, ya lissafo garuruwan da ya ci da yaƙi, ya ba da umarnin a goge masa kujera. Ta biyu daga ofishinsu take, fom ne bugagge har da hatimi. Bari in kwafo miki don kada ki ce sharri na yi masa: "Zuwa ga Mai Masauki. Ma'aikacinmu zai sauka a wurinku ranar Asabar. A tanadar masa ɗaki mai shiru, ruwan zafi da safe, tawul biyu. Kada a tashe shi kafin ƙarfe tara. A cike wannan takarda a dawo mana da ita."

Na kira ofishin na tambaya. Ashe a jerin wuraren da zai sauka, bayan masauki na talatin da bakwai, gogan naki ya rubuta adireshin gidan nan a layi na talatin da takwas. Akawu kuwa ya yi aikinsa. Shekara goma sha tara da aure, Yaya, yau na samu ƙarin girma, na zama mai masauki.

Da wannan kaɗai ne, da dariya zan yi in wuce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne layin ƙarshe na wasiƙarsa, wai Baba tsohon ƙarfe ne. Sau uku na rubuta masa tun ranar da ɓarin jikin Baba ya shanye. Na gaya masa ƙwaƙwalwar ma ta fara zubewa. Amsa ɗaya ya aiko, irin wadda yake ba masu sikelin da ya lalace: an karɓa, za a duba. Har yau ana dubawa.

Kujerar da yake mafarki kuwa, wata bakwai ke nan Baba ne a kanta, don ita kaɗai ce mai hannu da zai iya dafawa ya miƙe. A kanta yake wuni, akwatin tsohon sikelinsa yana ƙarƙashi. Kullum da hantsi sai na buɗe masa ya goge duwatsun awon nan na tagulla ɗaya bayan ɗaya, ni ina riƙewa da ƙyalle shi yana gogewa. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai ya miƙa wuya ya ce, "Ɗan Gaggawa ne?" In ce a'a, Baba. Ya ce, "To, yana hanya." Ni ce nake kallon fuskarsa in motar ta wuce, ba ƙaninki ba.

Na cike fom ɗin tsaf na mayar musu. Inda aka ce sunan masauki, na rubuta "Gidan ubansa". Zai samu duk abin da takarda ta ce, ba ragi ba ƙari.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, Maman 'yan biyu.

*

Yaya Babba,

Gaisuwa da girmamawa. Na rubuto ne maimakon in kira, tunda kin ce waya tana cinye miki rabin magana, ni kuwa ina so ki ji wannan ɗungurungum.

Yau kwanana huɗu da dawowa, kuma wulaƙancin da na gani a gidana ban gan shi a masauki mafi lalacewa ba. Ina shigowa 'yan biyu suka karɓi jakata, suka rusuna, suka ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." 'Ya'yan da na haifa! Uwarsu ta wuce gaba ta kai ni ɗakin ƙurya, wanda muke ajiye keken ɗinki da tsofaffin littattafan makaranta. An share shi fes, ga tawul biyu a ninke kan gado. Ta ce, "Ruwan zafi ƙarfe tara. Akwai wani abin da ake buƙata?" Na ce wane irin wasa ne wannan? Ta miƙo mini kwafin wani fom. Kuskuren akawu ne fa, Yaya, yaro ne sabon ɗauka da bai san hagunsa da damansa ba. A kan wannan za a mai da ni bare?

Shirun da na roƙa kuwa an ba ni har ya yi mini yawa. Ina jin su a falo suna dariya, ina leƙowa sai kowa ya kama bakinsa kamar an ɗauke wuta. Kofina mai shuɗin baki yanzu na shan maganin Baba ne.

Sai maganar Baba. Gaskiya ya rame fiye da yadda aka ba ni labari, ko kuma yadda na fahimta. Yana kan kujerata. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambaye ni hanya, sannan ya ce, "Malam, tunda matafiyi ne kai, ko ka taɓa haɗuwa da yarona? Gyaran sikeli yake yi. Dogo ne kamarka, sai dai shi ba ya zama wuri ɗaya." Na ce Baba, ai ni ne. Ya yi dariya ya ce wa matata, "Baƙon nan akwai barkwanci." Jiya mota ta tsaya a waje, ina zaune a gabansa, ya ture ni gefe don in daina tare masa taga. Ina zargin ba a yi masa bayanina da kyau ba ne. Da an riƙa nuna masa hotona ai da ba a kai ga haka ba.

Ki yi wa matar nan magana, ke take jin nauyi. In ba haka ba, kamfani ya yi mini tayin wani zagayen na wata shida, suna jiran amsa ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Inda ake darajanta mutum can ya kamata ya zauna.

Na bar ki lafiya.
Ƙaninki.

*

Kai Ɗan Gaggawa,

Na amsa gaisuwarka, don an koya mini amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ban da ƙafa da kuma takaicin wasiƙarka, wadda na karanta sau biyu ina neman inda kunya ta ɓuya ban samu ba.

Ka ce kuskuren akawu ne. Akawu bai san gidanku ba, abin da ka rubuta ya gani. Kai ka jera gidan ubanka a layi ɗaya da masaukai, shi kuwa ya buga hatimi. Ni a ganina duk ofishinku babu mai gaskiya irin yaron nan, a ƙara masa girma.

Wai da an riƙa nuna wa Baba hotonka. Sannu, shugaban ƙasa! A rataye ka a bango kenan, ana nunawa safe da yamma? Matar da kake so in yi wa faɗa ita ke ɗaga ubanka, ita ke yi masa gyaran fuska, ita ta koyi yadda ake juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ba ita ya kamata ta riƙe rezar nan ba, da ɗansa a duniya. Ni da ƙafata za ta bar ni in hau mota, da ban bar mata ba. Kai da ƙafafunka biyu lafiyayyu ka zaga gari talatin da bakwai kana gyara ƙaryar sikelin mutane, wasiƙa uku ta matarka ba ka iya auna nauyinsu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba yau aka fara faɗa ba, kai ne dai ba ka zauna ka ji ba.

Kana kuka an yi maka murmushin haya. To me ka biya da za a ba ka na gaske?

Kuma hannun nan da manaja yake yabo, a ina ka samo shi? A rumfar Baba, kana tsaye kan akwati don ka kai teburi. Na tuna ranƙwashin da ka sha a kan duwatsun awo, don ba ka da haƙurin ɗaukar ƙyalle, kullum sai ka cafko su da hannu, shi kuwa yana cewa gumin yatsa yana ci wa dutse gaskiyarsa. A nan ka samo sunanka. Zuwana na ƙarshe Baba ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, amma da na kai hannu kusa da akwatin nan sai da ya harare ni. Abin da ya rage masa ke nan, kuma likita ya ce shi ma ba zai daɗe ba. Wata shidan da kake taƙama da shi, in ka dawo ba za ka tarar da mai tambayar ko Ɗan Gaggawa ne ba, ko da yana numfashi.

Ba zan yi wa kowa magana ba. In za ka tafi, ka tafi, Allah ya kiyaye hanya. Sai dai ka gaya wa akawu ya cire layi na talatin da takwas, kada a sake wahalar da baiwar Allah da ninke tawul.

Wassalam.
Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ruwa na kan wuta.

Ban san me kika rubuta masa ba, amma ranar Laraba bai fito cin abinci ba. Ranar Alhamis tun bakwai na gan shi a falo, ba wanda ya tashe shi. Ya ce in ba shi reza. Ya yi wa Baba gyaran fuska, ya yanke shi a haɓa, gwanin hannun kamfani guda. Baba ya ce, "Ba komai, Malam, ai ba sana'arka ba ce."

Da hantsi na jawo akwati zan buɗe, ya ce in bari. Ya zauna a ƙasa, ya kafa sikelin, ga ƙyalle a gabansa ƙiri-ƙiri, sai ya kai hannu tsirara ya cafko babban dutsen. Har yanzu ban sani ba ko mantuwa ce ko da gangan.

Yaya, hannun hagun nan na Baba da ƙyar yake ɗaga cokali, amma ranƙwashin sai da 'yan biyu suka ji shi daga kicin. Baba ya ce, "Da hannu? Sau nawa zan gaya maka, Ɗan Gaggawa? Sakarai kawai! Ina ka shiga tun safe ana nemanka?"

Ƙaninki ya dafe kai, ya ce, "Na dawo, Baba." Sai ya fashe da kuka kamar an yi masa mutuwa. Ni ma na shige kicin, ba zan ɓoye miki ba.

Da yamma Baba ya koma ce masa Malam. Wayar ofis ta yi ta ƙara, ban ji ya ɗauka ba, ban kuma tambaya ba. Yana nan a ɗakin ƙurya tukuna. Na dai kwashe tawul ɗaya, na kuma gaya masa ruwan zafi yana inda kowa ke ɗiba.

Taki,
Maman 'yan biyu.