Mazarinki Ya Kawo Ruwa Daudawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labari, kuma na san da kina raye sai kin yi mini dariya kafin ki sa mini albarka.

Kin bar mu muna tafiya rafi ɗiban ruwa. Yanzu hanyar rafin ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, kowace mace ta fita da tulu sai mutanen gida sun yi ta addu'a har ta dawo. An haƙa burtsatse a unguwarmu nan Daudawa, aka sa mata sola, amma na'urar da ke ba famfon wuta ta ƙone. Dattawa suka ce ai ga 'yar gidanku, wato ni, ta karanta lantarki, a ba ta gyaran.

Cikin na'urar akwai 'yar taransifoma, ba ta fi ƙwan kaza ba. Wayar jan ƙarfe ake naɗa mata. Na tafi Ƙanƙara ranar kasuwa na zaɓo mai kauri, wai don ta fi ƙarfi. Na naɗa, ta yi zafi, ta ƙone. Na ƙara kauri, ta sake ƙonewa, a gaban liman da mai unguwa. Inna, na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga mata sun jera bokitai suna kallona.

Na koma ɗakinki na zauna. A cikin taskirarki na ga mazarinki, har da ɗan guntun allin da kike shafa wa yatsu.

Na tuna ki a gindin darbejiya kina kaɗi, ni kuma ina ta fitar da abawa mai gudaji don in riga ki gamawa. Kullum abin da kike ce mini ɗaya ne: “Ke dai gaggawa. Ja shi siriri, ki haɗa da 'yan'uwansa, ki murza.”

Wallahi an koya mana wannan a makaranta, har jarrabawa na ci a kai, na manta. Wutar irin wannan taransifoma tana kai da kawowa sau dubbai kafin ƙiftawar ido. Saboda saurin, ba ta ratsa cikin waya, bayanta kawai take bi. Kaurin da na yi ta ƙarawa rabinsa zaman banza yake yi. Abin da take so shi ne siraran wayoyi masu yawa, kowace da rufinta, a murɗe su wuri ɗaya.

Na samo siraran, kamar gashin wutsiyar doki. Ba ni da injin murɗa su, sai na ɗaura su a mazarinki. Sau biyu suna tsinke mini, kamar dā. A na uku suka murɗu, na naɗa wa taransifomar.

Yau kwana tara famfon yana aiki. Nakan ɗora yatsa a kan taransifomar da tsakar rana, ɗumi kawai nake ji. Babu macen da ta je rafi tun ranar. Mutanen Sabuwa ma sun aiko in je in duba tasu.

Ina kewarki, Inna. Kin rasu kina cewa ban iya kaɗi ba, kuma gaskiyarki ce, har yanzu zaren auduga ba ya yi mini. Amma na ji maganar, ko da a makare.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk wanda ya sha ruwan nan ladan ya iske ki.

'Yarki mai gaggawa,
Hauwa'u