Abin da Baba Ya Faɗa Mini a Kan Matakala

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan sama na farko a kan busasshiyar ƙasa, matata kuma aminiyata, uwar ɗan da muke jira,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya lalubi gabas, ya lalubi yamma, bai sami abin kamawa ba sai ke. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun rage kumburi? Kina cin abinci, ko har yanzu sai an yi ta lallashi? Tun jiya nake ɗaukar waya ina ajiyewa, domin na san da zarar na ji muryarki, tawa za ta karye, ke kuma hankalinki ya tashi a banza. Shi ya sa na zauna da yammacin nan a bakin tagar masaukinmu ina rubuta miki. Lafiyata lau, Baba ma lafiyarsa lau, ga shi can ya miƙe a gado da hularsa a kan fuska. Amma wallahi, farin watana, mutumin da kika raka bakin ƙofa ba shi ne yake riƙe da alƙalamin nan ba!

Kin tuna ranar da asibitin birnin nan suka kira ni suka ce suna neman mai gyaran injuna irina? Kina gugar rigunana, ana yayyafi, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Na faɗa miki sharaɗinsu, cewa sai na yi shekaru ni kaɗai kafin a yi maganar kawo iyali. Kika jingine dutsen guga, kika kamo hannuna kika ɗora a cikinki, a daidai lokacin da abin da ke ciki ya motsa kamar ɗan kifi a tafin hannu. Kika yi murmushin nan naki mai kama da fitowar rana bayan hadari, kika ce, "Ka je mana, ba komai. Ai mu muna nan." Na yarda, na yi ta murna, na riƙa yabon haƙurinki a gaban kowa.

Kin kuma san yadda Baba ya kafe sai ya rako ni in ga wurin kafin in ba su amsa. Ke da ƙannena har da riƙe ciki don dariya, Auta tana cewa, "Yaya Babba, ka riƙe shi da kyau, kada a sace mana tsoho!" Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya kwana a wani gari ba, daga gida sai shagonsa na gyaran keken ɗinki, daga shago sai gida, shi ne yau zai hau jirgi! Na kuwa riƙe shi. A kan matakalar nan mai tafiya da kanta na kama hannunsa kamar yaro. A jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa na yi ta yi masa bayani, nan ake shiga, nan ake fita, kada ka tsaya a bakin ƙofa. Shi dai sai ya ce, "To." Na nuna masa gine-ginen da sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, da kogin da ya raba birnin biyu, da kasuwar da aka rufa da gilashi, ya ce, "Madalla." Da aka kai mu ɗakin da za a ba ni, ɗan tsukuku mai gado ɗaya, tagarsa tana kallon bangon wani gini, sai ya tsaya ya daɗe yana shafa bangon ɗakin da tafin hannu. Na ɗauka gajiya ce.

Jiya da safe, muna gama karyawa, ya saɓa rigar sanyinsa ya ce, "Yau ni zan ja gaba." Na yi dariya, na bi shi don kada ransa ya ɓaci. Muka shiga bas zuwa tsohon ɓangaren birni, wajen tashar jiragen ruwa, inda tituna suka ƙuntata, fentin gidaje ya kakkaɓe, iska tana warin gishiri da man inji. Ya yi gaba da sauri, ya karya kwana, ya dawo, ya sake karyawa, yana ta ƙunƙuni cewa ai a nan akwai wata gada. Babu gada. Na ciro waya zan duba taswira, ina cewa a raina tsufa ya fara taɓa Baba. Sai ya tsaya a gaban wata tsohuwa da ke sharar ƙofar shagonta, ya ɗan rusuna, ya buɗe baki.

Ya ke hasken zuciyata, da yaren mutanen nan ya yi mata magana! Yaren da ni na yi watanni ina haddar gaisuwarsa, harshena yana sarƙewa, shi ne yake zuba daga bakin ubana kamar an ɓalle bakin kwata. Ya faɗi wani abu, tsohuwar ta tuntsire da dariya, ta dafa tsintsiyarta tana nuna masa hanya da hannu. Ni kuwa na sandare a tsakiyar titi, baki buɗe, har wani mai keke ya kusa kwashe ni. Wane ne wannan mutumin? Ina uban da na sani, wanda ko rediyo ba ya murɗawa zuwa tashar da ba ta yarenmu ba? Na ce, "Baba, me nake ji haka?" Bai ko waiwayo ba, ya ce, "Taho dai."

Muka shiga wani lungu. Akwai wani tsohon bene, a ƙasansa shagon sayar da wayoyi, a gefe kuma ƙofa a buɗe da matakalar dutse wadda sawun mutane ya cinye tsakiyarta. Baba ya taka kaɗan, ya juyo, ya zauna a kan dutsen mai sanyi, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ga abin da ya faɗa mini, zan rubuta miki shi yadda ya fito, domin har in mutu ba zan manta kalma ɗaya ba.

Ya ce, "A saman nan na zauna, ina dako a tashar can. Na baro uwarka da ciki, kamar yadda kake shirin baro 'yata matarka, na ce mata ba zan daɗe ba. Aka haifi yaro, namiji. Da labari ya iso, alewa na yi ta raba wa mutanen gidan nan hawa-hawa. Kullum ina cewa bari in ɗan ƙara, in koma da abin kirki. Wata rana na taso daga aiki na tarar da wani mutumin garinmu, sabon zuwa, yana jirana a nan inda kake tsaye. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, 'Ya ƙarin haƙuri?' Na ce haƙurin me? Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ashe yaron ya daɗe da rasuwa, zazzaɓi ne. Aka haɗa baki aka ɓoye mini don kada in tsinke in bar aiki. Duk saƙon da uwarka ta aiko, muna lafiya, muna lafiya. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ko hoto babu."

Inna lillahi! Sai Baba ya fashe da kuka. Baba! Mutumin da a ranar da aka binne mahaifiyarsa shi ne yake ba mutane haƙuri, shi ne kafaɗunsa suke rawa a gabana kamar reshe a cikin guguwa. Na zube a kusa da shi. Ashe ina da wa! Ni da na tashi ina taƙama ni ne ɗan fari, ni da ƙannena suke kira Yaya Babba, ashe akwai wanda ya riga ni shan nonon Umma, ya riga ni hawa bayanta, yana kwance a wani wuri ban taɓa zuwa na yi masa addu'a ba. Umma fa? Umman da take mana dariya, take tsokanarki, take cewa kin fi ni hankali, da wannan dutsen a ƙirji ta raine mu? Nan take abubuwa suka yi ta faɗo mini. Yadda idan ɗayanmu ya yi ɗan zazzaɓi Baba yake rufe shago ya zo ya tsaya a bakin ƙofa har sai jiki ya yi sanyi, muna cewa ya cika tsoro. Yadda idan baƙuwa ta nuna ni ta ce, "Wannan ne na farin?" Umma take miƙewa ta ce bari ta duba tukunya.

Muna cikin haka wata mata ta sauko da jakar cefane, muka tare mata hanya. Baba ya yi maza ya share fuska da hularsa, ya matsa, ya ba ta haƙuri da yarensu, ta wuce tana waiwayenmu. Da ta fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Ban kawo ka nan don in hana ka ba. Kai ba yaro ba ne, aikin kuma mai kyau ne, zamani ma ya canza, ga waya a aljihun kowa. Na dai ga bai kamata ka ba su amsa ba ka san wannan ba. Mai son ka shi ne ya fi kowa iya ɓoye maka."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, ya ke furen da ya buɗe a farfajiyar raina. Wa ya kai ki so na? To me ke ƙarƙashin "ba komai" ɗin nan taki? Da na fita ranar ina ta kiran abokai ina musu albishir, me kika yi a ɗakin ke kaɗai? Da kike ninke kayana kina waƙa, waƙar ce a zuciyarki ko kuwa wani abu kike dannewa? Ban sani ba, kuma rashin sanin nan yana ƙona ni kamar garwashi a tafin hannu. Ina roƙonki don girman Allah, don darajar abin da ke cikinki, kada ki so ni irin son da ake ɓoye wa mutum ciwo. Idan kina jin tsoro, ki ce kina jin tsoro. Idan kanki ne ya sara, ki tashe ni. Idan ranki bai so tafiyar nan ba, ki faɗa mini a ido, ki yi fushi, ki yi kuka, ki jefe ni da matashi! Na fi son hawayenki a kafaɗata a kan murmushinki a bayan teku.

Yau da safe na koma asibitin na ga shugabar sashen. Na ce mata ba zan iya fara aiki ba sai matata ta sauka lafiya, kuma sai in da ita zan zo. Ta cire tabarau ta kalle ni, ta ce za ta kai maganar gaba amma ba ta yi mini alkawari ba, domin akwai masu jira a bayana. Mai yiwuwa aikin ya kuɓuce. Na faɗa miki gaskiya, da na fito sai da abin ya yi mini ciwo, don na daɗe ina mafarkin wurin nan. Abu ɗaya kawai na yanke ni kaɗai: ranar da za ki haihu ina bakin ƙofar, kukan farko a kunnena zai sauka. Sauran kuwa, mu zo ko mu zauna, sai mun haɗa gwiwa ni da ke mun yanke.

Kada ki ce wa Umma komai tukuna. Baba ya ce shi da bakinsa zai gaya mata cewa na sani. Ki dai je ki wuni a wurinta, ki shafa mata mai a ƙafa, ki bar ta ta yi ta ba ki labari. Ban san da wane ido zan kalle ta ba idan na dawo. Ina jin durƙusawa kawai zan yi in sa kaina a cinyarta.

A hanyarmu ta dawowa daga asibitin ɗazu, Baba ya ja ya tsaya a gaban wani kantin kayan jarirai, ya shiga ba tare da ya ce mini komai ba. Ya daɗe yana ɗagawa yana ajiyewa da manyan yatsun nan nasa da baƙin mai ya rine, har ya zaɓi wasu 'yan takalma, duka biyun ba su cika tafin hannunsa ba. Na ce, "Baba, ai jariri ba ya sa takalmi." Ya ce, "Zai girma. Wancan ban saya masa komai ba, ina ta cewa sai ranar komawa." Ya ƙi yarda a sa su a jakata. Suna cikin aljihun rigarsa, ko yanzu da yake barci hannunsa yana kansu.

Muna tafe, ruwan sanyina. Ki jira ni kaɗan, kaɗan ɗin gaske, wanda ake ƙirgawa da yatsu. Muddin numfashi yana shiga yana fita a ƙirjin nan, a daɗi da wuya, a gida ko a bayan duniya, inda kike nan nake, kuma babu wata bayanki.

Naki, jiya da yau da ranar da gashinmu zai yi fari,

Mijinki.