Wa Ya Tuƙa Motar Minista?

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da jikokin nan nawa da ban taɓa gani ba sai a hoto.

Littafinka ya iso hannuna. Ba kai ka aiko ba, na sani. Mai Aski ne ya gan shi a tasha ya sayo, ya shigo yana cewa, “Baba Direba, ga sunan ɗanka a bango!” Na karɓa na juya shi, har sansana shi na yi. Ka san halin idona: rubutu ina yi, manya-manya kamar na allon talla, amma karatu ya fi ƙarfina. Sai muka yi shiri. Kullum da hantsi nakan je shagonsa in zauna a bencin da ke jikin madubi, shi kuma in babu kai a gabansa ya karanta mana babi guda.

Na ce “mana” domin yanzu mun yi yawa. Tela yana rufe shagonsa ya zo. Mai gyaran rediyo yana zuwa da rediyon mutane a hammata. Har da tsohon ɗan sandan nan mai sanƙo, wanda rabonsa da aski tun kana makaranta. Kowa ya san inda ka ɗebo labarin ko da ka canja sunaye: Ministan da na yi wa tuƙi shekara goma sha ɗaya, wanda aka harbe a kan gada shekara talatin da suka wuce. Musu ake yi kamar za a ba hammata iska. Tela ya rantse matar Ministan ce ta haɗa baki da maƙiya. Ɗan sanda ya ce sakataren ne, wai duk mai yawan murmushi a ofis a bincike shi. In sun gaji sai su juyo su ce, “Baba Direba, kai me ka gani?” Rabona da a tambaye ni ra’ayina tun rasuwar mahaifiyarka.

Amma akwai gyara. Direban cikin littafinka yana kallon ubangidansa ta madubi. Ba a yi. Madubin ma karkatar da shi ake yi, don kada ido ya haɗu da ido. Kuma ya kashe mota a bakin ƙofar taro ya tafi shan shayi. Wane direba? A ciki kake zama, inji yana aiki, ko da awa huɗu ne. Da ka tambaya da na gaya maka, matambayi ai ba ya ɓata. Sai dai shekara shida ke nan ba ka tako gidan nan ba, balle tambaya.

Muna babi na goma sha biyu. Alƙalaminka yana da kaifi, wannan kam ba a wurina ka gada ba.

Ka gaida mutanen gidan.
Mahaifinka.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Na ji gyararrakinka, na gode. Baba, littafin ƙagaggen labari ne, ba tarihi ba, kuma ban rubuta shi don a karanta a shagon aski ba. Ina roƙonka ku tsaya a inda kuke. Idan ba zai yiwu ba, to kai dai kada ka je ranar da za a karanta babi na ashirin.

Aiki ya yi mini yawa a wannan watan. Na aiko da maganin ido ta hannun direban motar safe.

Allah ya ƙara lafiya.
Ɗanka.

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Maganin ido ya iso, Allah ya yi albarka.

Ka manta wanda yake karanta mini wasiƙu. Mai Aski ya buɗe taka a tsakiyar shago ya karanta da ƙarfi, kamar mai shela. Ka ce kada a karanta babi na ashirin, ai ka zuba wa wuta fetur. A ranar suka haɗiye babi huɗun da suka rage a kai wurin a zama ɗaya, wani mutum yana zaune da rabin kai a aske bai ko yi ƙorafi ba.

To, na ji. Ba matar ba ce, ba sakataren ba ne. Direba ne. Ya karɓi kuɗi, ya faɗi hanyar da za a bi, ya wayi gari ya ce ba shi da lafiya. Da Mai Aski ya kai wurin sai muryarsa ta yi ƙasa, ya rufe littafin ya shiga wasa reza, alhali ba kan da zai aske. Tela ya tuna yana da ɗinki. Ɗan sanda ya dube ni ta madubi, irin kallon da na ce maka ba a yi. Na ɗauki sandata na fito. Ba wanda ya ce in dawo.

Kwana tara ke nan ina ɗaki. Ina jin motoci suna wucewa, ina gane ciwon kowace daga kukanta, ba wanda zan gaya wa.

Kada ka ɗauka abin da ka ɗora wa direban ne ya fi ci mini rai. Wannan na saba. An tsare ni wata huɗu a kansa, aka sake ni, mutane ba su sake ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan layi, na sa an maimaita mini har na haddace: “Aka buɗe wa motar wuta, Minista da wanda ke tuƙi suka mutu nan take.”

Wanda ke tuƙi! Ka ba karen Minista shafi biyu. Ka faɗi launin labulen ofishinsa. Mutumin da ya mutu riƙe da sitiyarina ka ba shi rabin layi, kamar yadda jaridu suka yi masa.

Dogo muke ce masa. Direban motar rakiya ne, ranar ma hutunsa ce. In ya shiga mota sai ya ja kujera baya har ƙarshe, yana cewa masu ƙera motoci duk gajeru ne. Yana da mata da ’ya mai wata bakwai. Da aka kai ni in ga motar a harabar ’yan sanda, ban kalli ramukan harsashi ba. Kujerata na gani an ja ta baya.

In za a sake buga littafin, ka bar ni a maci amana in haka ya fi sayuwa. Shi dai ka sa shi a ciki.

Mahaifinka.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, na daɗe ina haɗiye shi.

Ka ce ka saba. Ni ban saba ba. Ina aji uku aka rubuta “ɗan mai sayar da ubangida” a bayan rigata da alli, na yini da shi ban sani ba. Gida biyu aka hana ni aure saboda kai. Na bar garin ne don in sami inda zan faɗi sunan mahaifina ba tare da na ga an ɗaga gira ba.

Sau nawa na tambaye ka? Ina ƙarami na tambaya, ka ce in je in yi wasa. Na girma na tambaya, ka tashi ka shiga wanke motar da ba ta yi datti ba. Ranar da muka binne Inna na tambaya, ka ce ba ranar magana ba ce. Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa fashin aiki ba, sai ranar da aka harbi Minista. Mutum ba ya ɓoye abin da zai wanke shi.

Na rubuta littafin ne domin na gaji da jira. Na ce in ba za ka ba ni amsa ba, zan ba kaina. Ban ji daɗi ba da na gama, ban kuma ji sauƙi ba.

Zan sa Dogo a ciki, na yi alkawari. Amma ka amsa mini wannan kawai: ina kake a waccan safiyar?

Ɗanka.

*

Zuwa ga Malam Marubuci,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ni ne Mai Aski, wanda ya yi maka askin shiga makaranta kana ihu kamar ana yanka ka. Baba Direba bai san na rubuto ba. In ya ji zai ce bakina ba ya riƙe ruwa, kuma gaskiyarsa. Ni kan mutane na iya riƙewa, ban da asirinsu.

Da farko in nemi gafara. Ni na jawo, da na karanta wasiƙarka a gaban jama’a. Wannan ta biyun a ɗakinsa na karanta masa, mu biyu. Na je ne da kayan aikina don gemunsa ya yi buzu-buzu. Ɗakin fes, gado a gyare, hular aikinsa a rataye a ƙusa, kofi ɗaya, kujera ɗaya. Sai a bakin gado na zauna.

Na karanta har na kai “ina kake a waccan safiyar”. Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin katifa ya ciro kwalin ashana ya ba ni. Na buɗe, sai ga ƙwayar wake guda, ta bushe ta yi baƙi. Na ce, “Baba, wannan fa?” Ya ce, “Inda nake ke nan.”

Kana da shekara biyar. Da sassafe ka cusa ƙwayar wake a hanci. Mahaifiyarka ta yi ta ƙoƙarin cirowa da tsinke, ta ƙara tura ta ciki, jini ya ɓalle, numfashinka ya koma fita da ƙyar. Shi kuma ya riga ya sa kayan aiki. Ya ruga gidan Dogo ya ce ya riƙe masa motar na awa biyu. Dogo ya karɓi makulli yana dariya, ya ce, “Je ka, amma ka gaya wa yaron a gona ake shuka wake.” A asibiti aka danne ka aka ciro. Yana fitowa da kai a kafaɗa ya ji rediyon mai gadi yana faɗin abin da ya faru a gada.

Masu bincike sun san wannan. Sun je asibitin sun tabbatar, shi ya sa suka sake shi, sai dai ba su ga dalilin yin shela ba. Shi da mahaifiyarka kuwa suka yi alkawari ba za ka taɓa ji ba. Na ce, “Haba Baba, shekara talatin ana zaginka a kan wake?” Ya ce, “Gara yaro ya tashi yana zargin ubansa da ya tashi yana cewa saboda shi mutum ya mutu. Ni babba ne, zan iya ɗauka.” Na ce ai yaron yanzu har da furfura. Ya ce shi bai ga furfurar ba, shekara shida ke nan.

Malam, ni ba mai ilimi ba ne. Littafinka ya yi daɗi, na rantse, har yau Tela yana cewa da matar Ministan ka ba laifin da ya fi armashi. Amma ka aske mutum ba ka jiƙa gashin ba.

Jama’ar shago kunya ce ta hana su zuwa wurinsa, shi kuma zuciya ta hana shi zuwa wurinsu. Bencin yana nan, ba mai zama a inda Baba ke zama. Saura babi uku, na ce ba zan buɗe ba sai yana nan.

Ka huta lafiya.
Mai Aski.

*

Baba,

Ina durƙusawa ina gaishe ka.

Na tuna wani farin ɗaki, da wata mata riƙe da ɗan ƙarfe, da hannu mai warin fetur a goshina. Duk rayuwata na ɗauka mafarki ne.

An buga littafin dubu biyar, ba ni da yadda zan dawo da su. Na zauna in rubuta maka neman gafara, ni da nake cin abinci da rubutu, na yaga takarda bakwai. Ka yafe mini, Baba.

Ina so in zo ranar Asabar, in ka yarda. Ina so ka ba ni labarin Dogo tun daga farko, ka kuma kai ni wurin ’yarsa in tana nan.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Mai Aski ya karanta mini, na gane shi ya gaya maka, na kore shi, sannan na kira shi ya ƙarasa mini gemu.

Wake ba shi da laifi, hanci ma haka. Masu bindiga ne suka yi kisa. Na yi shekara talatin ina gaya wa kaina wannan, yanzu kai ma sai ka fara.

’Yar Dogo tana nan, malamar makaranta ce, tsayinta har ya fi nasa. Ka zo da takarda mai yawa, rabin layi ba zai ɗauke shi ba. Abin da ka rubuta kuma a shagon za a karanta, da bakinka, ina zaune a bencina.

Na ari kujera ta biyu a wurin Tela. In Asabar ɗin ba ta yiwu ba kada ka damu, jira ai sana’ata ce.

In ka tashi, ka shigo motar safe. Ka zauna gaba, kusa da direba, ka tambaye shi sunansa.

Mahaifinka.